Kirsimetin da ta same mu a Kademi cikin azumi

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, wani ɗan guntun tarihin gidanmu ne da ya daɗe yana ci mini rai, na ga gara in rubuta shi ko na samu sauƙi.

Bari in fara da gabatar da kaina, don kada wani ya yi nisa da karatu sannan ya ce au. Ni Bahaushe ne gaba da baya, kuma Kirista. Kakana Bamaguje ne a wani ƙauye cikin ƙasar Sumaila, ya karɓi addinin Kirista a hannun 'yan mishan na SIM a shekarun 1950, lokacin da ikilisiyar ECWA ke tsayawa da ƙafafunta. Mahaifina ya yi karatun aikin asibiti, gwamnati ta yi ta yawo da shi ƙauye ƙauye a cikin Jihar Kano, mu kuma muna biye da shi kamar jela. Na san galibin masu karanta wannan shafi Musulmi ne, to ku yi haƙuri ku biyo ni, domin ina kyautata zaton abin da zan faɗa ba zai zame muku baƙo ba.

Abin da ya sosa mini wannan tsohon tabo wata tambaya ce da autana ya yi mini a watan Disamba na 2024. Kowa ya san yadda shekarar ta kasance. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kaya suka yi ta hawa ba sauka, har buhun shinkafa ya haura naira dubu 80, albashina kuwa yana nan inda na san shi. Na shiga Kantin Kwari da niyyar yankar wa yara uku yadi, na taya, na ji kuɗi, na juyo hannu rabbana. Da dare uwargida ta kawo shawarar mu ci bashi, in ya so a biya idan ɗaukar adashinta ta zo. Na ce ban yarda ba. Ta ce, "Haba maigida, so kake yaranmu su shiga majami'a da tsofaffin kaya, 'ya'yan mutane suna kallonsu?" Magana ta yi tsawo, murya ta fara tashi. Ashe autan, ɗan shekara 7, bai yi barci ba. Sai ga shi ya leƙo ya ce, "Baba, bana ba za a yi Kirsimeti a gidanmu ba ke nan?"

Na rasa abin da zan ce masa. Yaron bai yi laifi ba, abin da muka koya masa ne ya maimaita. Tun da ya yi wayo, Kirsimeti a wurinsa ita ce tela, da shinkafa, da kaza, da lemon kwalba. To in an cire waɗannan me ya rage? A cikin makon nan kuma aka yi ta jin labarin turmutsitsi wajen rabon abinci da kuɗi a Ibadan da Okija da Abuja, inda mutum sama da 60 suka rasa rayukansu, da yawansu ƙananan yara. Na kwanta ina juyi, sai zuciyata ta tafi Kademi.

Ga wanda bai san wurin ba, in ka bar Kano ka haye gadar Wudil, sai ka ɗauki hanyar Gaya, garin da ake cewa daga can maƙeran farko suka taso suka zauna a gindin Dala. Kademi tana cikin wannan ƙasa ta Gaya. Can aka tura Baba aiki a ƙaramin asibiti, irin wanda ake kira sha-ka-tafi, mutanen gari kuwa ba su san wani bambanci ba, Likita kawai suke ce masa. Gidan haya muka kama mai zaure da ɗaki biyu. Katanga ɗaya ce ta raba mu da gidan wani malamin allo mai almajirai kusan 30, rijiya ma ɗaya muke ja. A unguwarmu mu kaɗai ne Kiristoci, majami'a kuma sai an yi tafiya. Saboda haka duk shekara gida Sumaila muke tafiya Kirsimeti, a kwana uku ana shagali, 'yan Zumuntar Mata na kaɗa tulu suna waƙa, ana yanka, yara na yawon nuna sababbin kaya gida gida.

Shekarar 1999 ina da shekara 12, tafiya ta gagara. An yi wata biyu ba a biya su Baba albashi ba, abokin aikinsa kuma yana kwance ba lafiya, babu wanda zai bar wa asibiti. Ga kuma zaman ɗar-ɗar. A watan Oktoba Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar da shari'a a Gusau, kullum maganar ke nan a rediyo, kowa da irin fassarar da yake yi mata. Wan mahaifina ya aiko da wasiƙa cewa ko Baba ba zai zo ba, a turo mu da Inna, zama a tsakiyar mutane mu kaɗai ba dabara ba ce. Bayan wannan ga jita-jitar shekarar 2000, wai kwamfutocin duniya za su rikice, wasu har suna cewa tashin duniya ne. Baba ya karanta wasiƙar ya ninke ya sa a aljihu, ya ce, "Mutanen da muke jan ruwa rijiya ɗaya da su shekara biyu, ban ga abin da suka yi mana da za mu tsere musu ba."

Wani abu kuma, azumi ya kama tun farkon watan Disamba, ranar Kirsimeti ta faɗo Asabar, azumi ya ɗan wuce rabi. Inna ta sayar da waken da aka ba Baba kyauta lokacin kaka, ta sayi zakaru biyu da shinkafa 'yar Hausa tiya biyu. Ɗinki kam babu zancensa. Na haƙura da kaya, na sa raina a kan cinyar zakara, ina lissafin da hantsi za a soya kamar yadda ake yi a gida.

Daren jajibiri muna zaune gaban fitilar ƙwai, sanyin hunturu na shigowa ta ƙasan ƙofa, sai Baba ya ce, "Gobe ba za a ɗora tukunyar miya ba sai bayan la'asar." Inna ta ɗago kai ta ce, "Malam, ranar Kirsimetin?" Ya ce, "Ita fa. Ki dubi katangar nan. A bayanta akwai mutane da bakinsu a rufe tun asuba, har da yaran da ba su fi ɗanki ba, waɗanda ko abin buɗa baki sai sun yi bara. Ki soya kaza da hantsi ƙamshi ya haura musu, mu ci mu ƙoshi, sannan mu ce muna murnar haihuwar wa?" Inna ba ta ƙara magana ba. Ni kuwa ji na yi kamar an tsinka mini mari. An hana mu tafiya, an hana mu kaya, yanzu kuma za a sa mu azumin da ba namu ba.

Da safe muka sha koko da ɗumamen tuwo. Baba ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda rana ke bugawa, ya fito da Littafi Mai Tsarki na mahaifinsa, wanda ba a cika taɓa shi ba. Tsohuwar fassarar nan ce ta 1932, wadda Likita Walter Miller ya jagoranci aikinta, Baturen da ya zo Kano tare da Bishop Tugwell a 1900 Sarki Alu ya ce su koma inda suka fito, daga baya ya zauna a Zariya. Bangon littafin ya ɓare, Inna ta ɗinke shi da ƙyallen atamfa. Rubutun ciki irin na da ne, inda muke sa c su ch suke sawa, don haka da Baba ya miƙo mini ya ce in karanta sura ta 2 ta Bisharar Luka, sai na riƙa tuntuɓe ina cije baki, ga fushi ga wahalar karatu.

Da na gama ya ce in rufe littafin. Ya ce, "To faɗa mini, a cikin abin da ka karanta, sabuwar riga nawa ka gani?" Na yi shiru. Ya ce, "Tukunya nawa aka ɗora?" Na ce babu. Ya ce, "Yusufu da Maryamu a garin da suke zaune suke?" Na ce a'a, sun baro Nazarat sun zo Baitalami saboda Kaisar Augustas ya ba da umarnin ƙidaya. Ya yi murmushi ya ce, "Wato gwamnati ce ta taso su, kamar yadda ta taso mu." Daga nan ya kama hannuna ya ja ni turken akuyar Inna, ya nuna mini komin da ake zuba mata dusa, rabin tsohuwar garwa ce duk ta yi tsatsa, ga ƙudaje ga warin fitsari. Ya ce, "Sunkuya ka shinshina." Na sunkuya. Ya ce, "A irin wannan aka kwantar da shi, don ba su sami wuri a masauki ba. Waɗanda aka fara yi wa albishir kuma makiyaya ne masu kwana a fili, irin Fulanin nan da suka sauka a gonakin bayan gari suna kiwo a karan dawa, waɗanda ku yara kuke toshe hanci in sun wuce."

Mai karatu, sau nawa na ji labarin nan kafin ranar? Ba adadi. Na ma taɓa fitowa a makiyayi a wasan kwaikwayon makarantar Lahadi, da sanda da rawanin tawul. Amma ban taɓa jin warinsa ba sai ran nan. Muka koma tabarma muka yi waƙoƙi biyu daga Littafin Waƙoƙi, a hankali ba da ƙarfi ba, Baba ya yi addu'a ya ambaci maƙwabta gida gida, har da abokin aikinsa mara lafiya. Sujadarmu ke nan ta Kirsimetin 1999, mu biyar da akuya.

Bayan azahar aka aike ni in kira Malam ya yanka zakarun. Wannan tsohuwar al'ada ce a wurin Kiristocin ƙasar Hausa, in za ka yi yankan da maƙwabta za su ci, Musulmi kake ba wuƙa don kowa ya ci hankali kwance. La'asar na yi Inna ta hura wuta, sai ga uwargidan Malam ta shigo da muciya da ludayinta, wai ta ji shiru tun safe, ta ɗauka ko ba lafiya. Da Inna ta gaya mata dalili, matar nan ta tsaya riƙe da haɓa, ta ce, "Yanzu saboda mu kuka hana yara ci? Allah sarki!" Ta ɗaura ɗamara suka shiga aiki, tana tuƙi tana cewa Inna ta ɗanɗana gishiri tunda ita bakinta a ɗaure yake.

Ana kiran magariba na fara zarya da langa, gida bakwai. Gida shida suka karɓa da godiya. A na bakwai maigidan ya fito da kansa, ya tambaye ni na mene ne, na faɗa masa. Ya ce, "Yaro, ka gaishe da Likita, ka ce na gode ƙwarai, amma ni ba na cin abincin bikin da ba na addinina ba." Na dawo ina huci, na ce wa Baba an wulaƙanta mu. Ya ce, "Ya zage ka?" Na ce a'a. "Ya kore ka?" Na ce a'a. Ya ce, "To mutum ya riƙe abin da ya gaskata, ya kuma gode maka, ina wulaƙancin? Kai ma ka riƙe naka kamar yadda ya riƙe nasa. Kai wa almajirai." Washegari da sassafe mutumin nan ya kawo 'yarsa asibiti, Baba ya duba ta kamar kullum.

Kwanukan da suka fita kuwa babu wanda ya dawo wayam. Wannan ƙosai, wancan kunun tsamiya, wani fura, wani dabino. Daga zakaru biyu abin da ya rage mana wuya ne da ƙafafu da ɗan fiffike, cinyar da na kwana ina mafarki ban san cikin wanda ta shiga ba. Amma ban taɓa ganin abinci ya cika tabarmarmu kamar daren nan ba.

Bayan an sauko daga asham Malam ya yi sallama, suka zauna da Baba a zaure, ni ina rakuɓe a bakin ƙofa. Malam ya ce su ma suna da labarin wannan haihuwa, sura guda ce a Alƙur'ani mai sunan Maryam, ta 19. Ya ba da labarin yadda ta keɓe daga mutanenta, naƙuda ta kama ta a gindin dabino, aka ciyar da ita da ɗanyen dabino, da yadda jaririn ya yi magana yana cikin zanen goyo ya wanke uwarsa daga zargi. Baba ya saurara har ƙarshe. Kada in yi muku ƙarya in ce sun daidaita. Malam ya ce Annabi Isa bawan Allah ne kuma manzonsa, Baba ya ce a wurinmu Ɗan Allah ne, Mai Ceto. Babu wanda ya matsa daga inda yake, babu kuma wanda ya ɗaga murya. Suna cikin haka 'yan tashe suka iso ƙofar gida da gwangwanayensu, Baba ya laluba aljihu ya ba su naira biyar, Malam ya yi dariya ya ce yau Likita ya yi Kirsimeti ya yi tashe.

Wata biyu bayan haka, a Fabrairun 2000, rikicin Kaduna ya ɓarke, aka yi asarar rayuka masu yawa. A Kademi ko tsinke ba a jefa mana ba, amma tsoro ba ya neman izini. Dare uku Malam yana shimfiɗa buzunsa a zaurenmu ya kwana, shi da manyan almajiransa biyu, ba tare da wani ya roƙe shi ba. Ban ce romon zakara ne ya jawo haka ba, mutumin kirki ne tun asali. Abin da na sani shi ne, da mun bi shawarar wasiƙa mun tafi, da ban san wannan halin nasa ba, shi ma da bai san namu ba.

Da na girma na yi ɗan karatu, sai na tarar yawancin abin da muke ɗaga jijiyar wuya a kansa daga baya ya zo. Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar da aka haifi Yesu Almasihu ba. Rubutu mafi daɗewa da ya nuna ana bikin ranar 25 ga Disamba daga birnin Rum yake, na shekara ta 336, kuma har yau Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar ranar 7 ga Janairu suke nasu. Itacen da ake yi wa ado da fitilu al'adar Jamus ce, ta bazu a Ingila a ƙarni na 19. Baba Kirsimeti mai jar rigar sanyi da farin gemu, wanda ake sa wani bawan Allah ya yi ta zufa a cikinta a Sabon Gari, shi ma baƙo ne. Ban ce ko ɗaya haramun ne ba, sabuwar riga ma ba laifi ba ce, ni kaina ina son in ga 'ya'yana fes. Sai dai in ado ya yi yawa har yaro ya ɗauka in babu shi babu bikin, to an yi sake. Ku 'yan'uwana Musulmi kun fi ni sanin wannan ciwo, kun ga magidancin da ya ci bashin ragon layya don kada a ce na maƙwabci ya fi nasa, da wadda ta yi yaji saboda kayan Sallah.

To daren da autana ya yi tambayar nan, na tashi uwargida na ba ta labarin Kademi tun daga farko, domin da guntu guntu ta sani. Ta yi shiru, can ta ce, "To in 'yarka ta yi kuka kai za ka lallashe ta." Muka bar maganar bashi. Aka wanke tsofaffin kaya aka goge, autan kaɗai aka saya wa takalmi don nasa ya tsinke. Daren jajibiri na sa kowa ya ajiye waya, na ɗauko littafin nan mai bangon atamfa, wanda ya dawo hannuna bayan rasuwar Baba, na ba babban ɗana ya karanta, shi ma ya yi ta tuntuɓe da ch. Ba mu da akuya, don haka na kwatanta musu komi da baki. Sannan na ce kowane yaro ya faɗi gida ɗaya da za a kai wa abinci kafin mu ci. Babban ya zaɓi maigadin layinmu, autan ya zaɓi wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa da jikokinta marayu. 'Yata kuwa ta ƙi zaɓa, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ta je sujada washegari fuska a murtuke, ta dawo ta ce ƙawayenta sun yi mata dariya. Na lallashe ta iya iyawata, ban kuma ga laifinta ba, na tuna wani yaro da ya taɓa yin huci a Kademi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ni ma sai da na shekara 25 kafin in hango na Baba.

Mun dai yanke shawara ni da uwargida a kan abu uku, ko da wadata ko babu. Ba za a ɗora tukunya ba sai an karanta labarin an yi addu'a tare. Ba za mu ci bashi don Kirsimeti ba. Kwanon farko kuma waje zai fita. In Allah ya hore a yi ɗinki, in bai hore ba a yi wanki.

Malam ya riga Baba rasuwa da shekara biyu, mun je Kademi ta'aziyya, uwargidansa ta tsufa amma ta gane ni, ta ce, "Ɗan Likita mai langa!" Da yake shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kwana 11, azumi yana zagayowa ne duk bayan shekara 33 ko kusa da haka, kuma bisa lissafi zai sake riskar Kirsimeti a 2031. Lokacin autana yana da shekara 14. Maƙwabcinmu na yanzu ma katanga ɗaya ce tsakaninmu, don haka na riga na gaya wa yaran su shirya, in Allah ya kai mu tukunya sai bayan la'asar.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, ya shirya mana zuriya. Sai mun sake haɗuwa.